Cinikin Biri A Sama: Kafin Mu Zuba Kuɗin Adashe A Gonar Ƙauye

 Wannan makon mun ɗan ajiye maganar jigo da salo da ƙa'idojin rubutu a gefe, za mu taɓa maganar aljihu. Duk wanda ya jure a harkar nan, wata rana 'yan kuɗi za su fara shigo masa, ko daga littafin da ake sayarwa ta waya, ko daga labarin fim, ko daga buga wa ɗalibai aikin makaranta. Ranar ce kuma tambaya take tasowa: ina za a ajiye su kada su narke? Amsar da ta fi yawo a bakin matasa yanzu ita ce a sayi gona a ƙauye. Mu ma saura ƙiris mu yi haka, shi ya sa muka ga ya dace mu baje abin da muka gano a faifai, ko wani zai amfana.

Mu 'yan kaɗan ne a cikin ƙungiyarmu ta marubuta a nan Sakkwato da muke zubin adashe. Da tafiya ta miƙa sai muka ce a daina kwasa ɗaya bayan ɗaya, a tara wuri guda a sayi abin da zai daɗe. Wani ya ce injin buga takardu, wata ta ce shagon POS, amma rinjaye ya tafi kan gona. Ba a yi mako biyu ba wani dillali ya kawo mana tayi uku: wata makekiyar gonar tudu a ƙasar Rabah ta wajen Gandi, wata 'yar fadama a ƙasar Wurno, da wani yanki kusa da hanyar ruwan noman rani a Goronyo. Wadda ta fi girma ita ce ta fi araha, kuma ita ce dillalin ya fi matsa mana mu biya da wuri, wai akwai masu so. Muka ce ya ba mu lokaci. Wata uku muka yi muna tambaya, kuma abin da muka fito da shi a taƙaice shi ne: gonar ƙauye tana da riba ga wanda zai iya taka ta da ƙafarsa, ya san inda ruwanta yake fitowa, ya kuma iya kare ta a gaban alƙali. Wanda bai da waɗannan uku, labari ya saya.

Bari mu fara da alheran abin, domin suna nan, kuma masu cewa a saya ba wawaye ba ne.

Na farko, kuɗin da aka ajiye a asusu yana zagwanyewa. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Cikin 2024 ta haura 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mu da muke sayar da littafi mun fi kowa jin wannan a jikinmu, don mai karatu da ya saba biyan 'yan ɗaruruwa ba ya yarda a ninka masa, alhali kuɗin data da na abinci sun ninka. Ƙasa kuwa ba ta ruɓewa, ɓarawo ba ya saɓa ta a kafaɗa, ba ta kuma neman a ba ta dusa kamar tunkiya.

Na biyu, fuloti a cikin gari ya fi ƙarfin irinmu. Abin da muka tara ba zai kama mana ko kusurwa a Arkilla ko Mabera ba. Ko da ya kama, fuloti zaune yake yana jiran ranar da za a yi gini, ita kuwa gona tana iya mayar da wani abu duk shekara. Buhun gero ko na shinkafa da ya shigo gida daga gonar mutum yana rage masa zuwa kasuwa a lokacin da kwano ya yi tsada.

Na uku, ƙasar da muke magana a kanta ƙasar albarka ce tun asali. Gulbin Rima ya ratsa Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato ya bi ta Rabah, suka haɗu a kusa da birni. Inda gulbi ya bi akwai fadama, inda fadama take ana noma damina a kuma yi rani. Shinkafa, albasa, tafarnuwa, alkama, tumatir da tattasai duk suna yi. A tudu kuma gero da dawa da wake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗinsa a Wurno, can ya zauna, can ya rasu a 1837, can kuma hubbarensa yake. Sardauna Ahmadu Bello a Rabah aka haife shi. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984 aka buɗe a 1992, an yi ta ne don ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma a ƙarƙashinta Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima take gudanar da aikin noman rani na tsakiyar kwarin Rima. Wanda ya bi hanyar Achida da rani ya ga buhunan albasa a bakin titi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Akwai kuma wata riba ta musamman ga marubuci. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, littattafanmu sun cika da attajirai masu gidan gona, amma da yawanmu ba mu san bambancin huɗa da noman farko da maimai ba, ba mu san wane wata ake dashen albasa ba, ba mu taɓa jin yadda ake ciniki da 'yan ƙwadago ba. Marubucin da yake da alaƙa da gona yana samun kalmomi da mutane da rikice-rikicen da ba zai taɓa samu a ɗaki ba. Wannan ma ya ja hankalinmu ƙwarai.

To, yanzu ga ɗaya gefen.

Tambayar farko da muka yi wa dillali ita ce, yaushe za mu je mu ga babbar gonar? Nan ya fara kewaye-kewaye: yau hanya ba daɗi, gobe sai an tambayi mutanen gari, jibi ga hoto a waya ya isa. A nan muka fahimci dalilin arahar. Gabashin Sakkwato ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga. A watan Yulin 2018 suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka yi sansani a Gandi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, har da Rabah da Goronyo. Ranar 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar da take ci, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Dajin Gundumi kuwa kowa ya san sunansa. A wasu ƙauyuka manomi ba ya shuka ko girbi sai an biya harajin da 'yan bindiga suka yanka.

Ba muna cewa duk yankin ɗaya ba ne. Akwai garuruwan da ake kwana lafiya ana noma har bakin gida, akwai kuma gonakin da ke nesa da gari da tafiyar 'yan mintoci a babur amma mai su ya shekara bai leƙa ba. Farashi yana bin wannan bambancin sau da ƙafa. Fadamar da ke kusa da gari da titi ba ta yi araha ba, domin mutanen garin da kansu suna so. Wadda ake tallatawa ga baƙi da rahusa, sau da yawa ita ce wadda 'yan gari suka san dalilin da ya sa ba sa so. Idan maƙwabcin gona, wanda ya san kowace bishiya da ke cikinta, bai taya ba, ya kamata mu da muke zaune a birni mu tambayi kanmu me muka sani da shi bai sani ba. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: baƙon da labari ya bazu cewa ya sayi babbar gona ya sanar da cewa yana da abin hannu, kuma a irin wannan lokaci wannan sanarwa tana iya jawo wa mutum da mai kula masa da gona abin da ba a fata.

Abu na biyu shi ne ruwa. Mun ɗauka duk gonar da ke kusa da gulbi ta tsira, ashe gulbi yana bayarwa yana kuma karɓa. Muna yara a watan Satumban 2010 lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ambaliya ta shafe ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuma sai aka ga akasin haka: ruwan madatsar ya ja baya har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da take ɗauka, hankalin masu noman rani da na masu shan ruwan famfo a birni ya tashi. Fadamar Rabah ita ma tana ƙarƙashin madatsar Bakolori da ke sama a kan Gulbin Sakkwato, wato yawan ruwan da zai iso ta da lokacin isowarsa ba a hannun mai gona yake ba. Saboda haka wanda ya ga gona a watan Janairu tana kore shar, ya dawo ya gan ta a Agusta ko Satumba kafin ya biya. Ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a shekarun ambaliya. Sukan nuna maka a jikin bishiya ko bango.

Sannan ruwan rani da kuɗi ake ɗago shi. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Injin ban ruwa ba ya jin lallashi. Masu hali sun koma injin sola, amma sayensa wani jarin ne daban, tsaronsa kuma wani aikin ne. A nan muka gane cewa kuɗin sayen gona shi ne ƙaramin kuɗi. Bayansa akwai rijiya, inji, iri, taki, maganin feshi, ƙwadago, buhu da kuɗin mota. Da mun juye duk adashen a saye, da mun zama masu gona marasa abin shuka.

Ita kanta kasuwa ba ta da tabbas. Albasa tana faɗuwa warwas lokacin da kowa ya cire, ta yi tsada bayan watanni, kuma ribar tana wajen wanda ya iya ajiya ba tare da rabi ya ruɓe ba. Da aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata gefen, masu fitar da kaya ta can sun ji a jikinsu. Manomin da ya gaji sana'ar ya san yadda ake jure irin wannan shekara. Mu da muke lissafin riba a takarda ba mu sa ta a lissafi ba.

Abu na uku shi ne takarda, kuma nan ne muka fi jahilci. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo aka kuma sa ta cikin tsarin mulki, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake da shi haƙƙin zama da amfani ne. A karkara, ƙaramar hukuma ce take ba da takardar haƙƙin amfani ta gargajiya, kuma dokar ta ce ba a mayar da wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar ƙaramar hukumar. A aikace mafi yawan cinikin gona a ƙauye ana yin sa ne gaban mai unguwa da hakimi da shaidu, wani lokaci har uban ƙasa ya sa hannu. Wannan takarda tana da nauyi sosai a wurin jama'a, kada a raina ta, amma kada a tsaya a kanta. A je sashen filaye na ƙaramar hukuma, a kira mai safiyo ya auna. Hekta ɗaya mita ɗari ne ta kowane gefe, wajen eka biyu da rabi ke nan. Dillalinmu da hannu yake nuna iyaka, daga waccan bishiya zuwa wancan gamba, ita kuwa bishiya ana sarewa, gamba kuma ana tumɓukewa.

Dokar nan ta kuma ba gwamna ikon karɓe ƙasa don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da aka yi a kan ƙasar ce, kamar gini da shuka da rijiya. Wanda ya sayi gona ya bar ta fayau yana jiran ta yi tsada, ranar da hanya ko wani aiki ya biyo ta kanta zai sha mamakin abin da za a lissafa masa. Iyayenmu ba su manta Bakolori ba, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, inda rikicin diyya da rabon gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980, aka yi asarar rayuka da dama. Gonar da ke cikin yankin aikin noman rani na gwamnati kuwa tana da nata ƙa'idojin. Yankin da aka yi mana tayi a Goronyo, da muka matsa da tambaya, mai tayin ya kasa nuna mana ko gadonsa ne ko kuwa wuri ne da aka ba shi ya noma kawai. Muka bar shi nan.

A duba kuma kada gonar ta ci burtali ko mashaya. Makekiyar gona mai araha a bakin daji wani lokaci hanyar shanu ce da aka nome a hankali. Wanda ya saye ta ya gaji rigimar da ta girme shi, kuma mun ga inda irin wannan rigima ta kai yankinmu.

Abu na huɗu shi ne gado. Gonaki da yawa a ƙauye ba a raba su ba tun rasuwar kaka. Babban wa ne yake nomawa, har mutane su ɗauka tasa ce, alhali akwai ƙanne a Legas ko Fatakwal, akwai 'yan uwa mata a gidajen aure, akwai marayu da ba su balaga ba. Idan ya sayar da duka, ya sayar da abin da ba nasa ba. Idan kason kansa ya sayar kafin a raba, to a mazhabar Malikiyya abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da mai saye ya biya su karɓi kason. Ka ga mutum ya haƙa rijiya ya zuba taki, sannan sammaci ya iso. Maganin wannan shi ne a nemi shaidar rabon gado, a kuma ji daga bakin matan gidan da kansu, ba ta bakin wani ba. Mu da muke rubuta labaran cin dukiyar marayu har masu karatu su yi kuka, abin kunya ne a same mu a matsayin wanda ya biya kuɗin.

Abu na biyar shi ne wanda ya fi tsaya mana a rai. Me ya sa mai gonar yake sayarwa? Bahaushen ƙauye ba ya rabuwa da gonar ubansa don nishaɗi. A shekarun nan mutane da yawa sun sayar da gona da shanu don su haɗa kuɗin fansar ɗa ko mata ko uba, wasu kuma sun sayar don sun bar garin ba su san ranar komawa ba. Wani malami da muka tuntuɓa ya ja hankalinmu ga abin da malaman Malikiyya suka tattauna kan cinikin wanda aka matsa wa da zalunci. A cikin Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littafin da alƙalanmu suke aiki da shi, an nuna cewa irin wannan ciniki ana iya warware shi a mayar wa mai kaya kayansa. Malamai sun yi bayani mai tsawo kan inda hukuncin ya shafa da inda bai shafa ba, kuma wannan aikinsu ne, a tambaye su. Abin da ya shafe mu shi ne, ko babu kotu, akwai ranar da mutanen nan za su koma gida in Allah Ya so, su tarar da baƙo a gonar kakansu wadda ya karɓa da rabin kuɗi ranar da suke kuka. Wane irin maƙwabtaka za a yi?

Ɗaya daga cikinmu ya kawo hujjar da ba mu iya watsarwa nan take ba. Ya ce idan kowa ya ƙi saye, mai neman kuɗin fansa ina zai sa kansa? Ƙin sayen ma ai ba taimako ba ne. Gaskiya ne. Amma akwai tazara tsakanin taimako da cin kasuwar bala'i. Wanda yake so ya taimaka yana iya biyan farashin da gonar take da shi a idon mutanen gari, ko ya karɓi haya ta wasu shekaru ya biya gaba ɗaya gonar ta ci gaba da zama ta mai ita, ko ya ba da rance, ko ya ba da sadaka. Jingina da aka saba, wadda mai kuɗi yake nome gonar har sai an biya shi, malamai da yawa suna da magana a kanta saboda amfanin da ake ci a kan bashi, don haka ita ma a tambaya kafin a shiga.

Wani kuma ya ce ai yanzu ne lokacin saye, tunda zaman lafiya zai dawo, farashi ya tashi. Muna roƙon Allah Ya dawo da shi ko gobe. Sai dai wannan caca ce da ta dace da mai rarar kuɗi wanda zai iya mantawa da su shekara da shekaru. Kuɗinmu na aure ne, na ƙarin karatu, na buga littafi. Gona kuma ba ta sayuwa ranar da ka matsu. Ranar da asibiti ya nemi kuɗi, kai ma za ka koma layin masu sayarwa da araha.

Akwai ma wani haɗari ga mai saye ya tafi. A fiƙihun da kotunanmu suke bi akwai hukuncin hauzi: idan wanda ba ɗan uwanka ba ya riƙe ƙasa shekara goma yana amfani da ita kamar tasa, kana nan kana gani ba ka yi magana ba kuma babu abin da ya hana ka, ƙararka tana iya faɗuwa. Aro da haya ba sa shiga wannan hukunci, amma sai ka iya tabbatar da cewa aro ne ko haya. Don haka ko amininka ka ba wa riƙon gona, a rubuta, a sa shaidu, a riƙa sabuntawa. Rubutu ai sana'armu ce, bai kamata a ci mu ta nan ba.

Wani dattijo a ƙasar Wurno, kawun ɗaya daga cikinmu, shi ya rufe mana bakin zancen. Muka gaishe shi muka ce, Baba, shawara muka zo nema. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya tambaye mu wa zai kwana kusa da injin, wa zai zo ranar da tsutsa ta faɗa wa albasa, wa zai tsaya ranar awo. Muka dubi juna. Kowannenmu yana da aiki ko karatu a birni. Ya ce mana gona tana gane sawun mai ita, kuma wanda yake noma ta waya yakan ji labarin fari ko a shekarar da maƙwabtansa suka cika rumbu. Bai zargi kowa da sata ba. Ya ce dai ido ne taki na farko.

Ga abin da muka yanke. Babbar gonar Rabah mun haƙura da ita, tunda ba mu iya zuwa mun gan ta ba. Ta Goronyo mun bar ta saboda asalinta bai fito ba. 'Yar fadamar Wurno ma ba mu saya ba tukuna. Mun karɓi hayar wani ɗan yanki na rani ɗaya kusa da gonar dattijon nan, da yarjejeniya a rubuce, ɗansa yana kula da aikin da kason da aka amince, mu kuma muna zuwa bi da bi duk mako. Mun buɗe littafi muna rubuta kowace naira da ta fita. Idan rani ya ƙare za mu san ko mu manoma ne ko masu sha'awar noma. In lissafi ya fita, sai mu nemi ƙaramar gona kusa da gari, ko da ta fi tsada, mu bar wani abu a hannu na aiki. In bai fita ba, asarar rani ɗaya muka yi, uwar kuɗinmu tana nan.

Ga duk ɗan uwa ko 'yar uwa da ke shirin saye, muna ba da shawarar a samu amsar waɗannan kafin kuɗi su bar hannu. Na taka gonar da ƙafata, rani da damina? Zan iya zuwa duk lokacin da na so in dawo lafiya? Me ya sa ake sayarwa, kuma me ya sa maƙwabta ba su saya ba? An raba gado, matan gidan sun sani? Mai unguwa da hakimi da ƙaramar hukuma sun san da cinikin, an kuma auna? Ba ta shiga burtali ko filin gwamnati ba? Bayan na biya, ina da abin da zan noma ta da shi, kuma wa zai tsaya a kanta? 'Yan uwa mata marubuta, waɗanda da yawansu sun fi mu samun ciniki a littafi, su ƙara da wannan: takarda ta fito da sunanki, ki riƙe ta a hannunki, ko da wa ko miji ne ya je ya tsaya miki.

Mun san a cikinmu akwai 'yan Wurno da Rabah da Goronyo da suka fi mu sanin ƙasar nan nesa ba kusa ba, akwai kuma waɗanda suka saya suka ji daɗi. Muna so mu ji daga gare ku, musamman inda kuka ga mun yi kuskure. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya sa albarka a abin da muke nema da alƙalami da kuma fartanya.